Shekarar da Motar Babanku Ta Yi Rawa

'Yar'uwarku Zainab ce ta gaya mini, ba da niyya ba, yadda labarin nan ya koma a bakin 'ya'yanku. Wai kakarsu ta ɗauki kakansu makaho a mota mai ciwo, ta yi ta yawo da shi wajen wata biyu har ƙafar motar ta kusa fita, alhali tsofaffin ƙafafun suna jingine a ɗakin ajiya. Na yi dariya a gabanta, amma bayan ta tafi abin ya zauna mini a rai, domin ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Akwai dai abin da ba ku sani ba, wani nawa ne, wani na Yayanku. Na aika masa ta bakin matarsa cewa zan rubuta har da ɓangarensa, ya ce in rubuta. Kun san ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, don haka a nan ma Babba zan ce, yadda babanku yake ce masa.

Babanku, Allah ya jiƙansa, ya haura shekara talatin yana tuƙin haya. Da idonsa ya fara ciwo, likita ya ce hawan jinin ido ne, shi da kansa ya koya mini tuƙi a filin bayan makarantar da nake koyarwa. Mutane suka yi magana har suka gaji suka bari. A lokacin yana ganin inuwa-inuwa, yana zaune gefena yana gyara mini hannu. Amma da hasken ya ɗauke gaba ɗaya, sai mutumin ya bi shi. Wata takwas ya yi a kan tabarma. Ya daina kunna rediyo. Abokansa na tasha suka yi ta zuwa har suka rage, domin ba kowa ne zai jure ya zauna yana ba da labari ana amsa masa da "to" kaɗai ba. Masallaci maƙwabcinmu ke riƙe masa hannu, ya kai shi ya dawo da shi. Motar kuwa, tsohuwar nan mai launin toka wadda da ko tsuntsu ya yi kashi a kanta sai ya fito da tsumma, ko tambayarta ba ya yi. Ni nake tayar da ita in je kasuwa, ko in je Gwaram gaida dangi.

Da Babbar Sallah ta shekarar Babba ya zo daga inda yake aiki, da rim huɗu sababbi a bayan motarsa, irin farare masu ƙyallin nan da samari suke so, kowane da tayarsa. Na gane abin da yake nufi. Yana so ya ga ko uban zai motsa ne idan aka taɓa motarsa. Ya kai ta wurin wani mai faci a bakin titi aka cire baƙaƙen na ƙarfe aka ɗaura sababbin, ya dawo ya kama hannun babanku ya fito da shi tsakar gida ya ɗora masa tafi a kai. Babanku ya shafa sau ɗaya, ya ce Allah ya yi albarka, ya nemi a mayar da shi ɗaki. Na ga fuskar yaron, na kau da kai. Washegari ya koma aiki.

Kwana biyar bayan haka aka yi rasuwa a dangin babanku a Gwaram, irin wadda ba shi da hanyar ƙin zuwa. Muka fita da hantsi, yana gaba a gefena, hannuwansa a cinya. A cikin gari lafiya lau. Muna wuce duwatsun bayan gari titi ya miƙe na ɗan taka, sai na ji sitiyari yana kaɗawa a hannuna kamar rariya a hannun mai tankaɗe. Madubi ya dinga rawa har ban iya gane motar da ke bayana. Na sassauta, rawar ta tafi. Ina shirin cewa mu juya sai na ji muryarsa, irin ta da, wadda na manta yana da ita.

"Sake takawa, Malama."

Na ce masa motar ba lafiya, tsoro nake ji. Ya ce ya ji, shi ya sa yake so in sake. Ya laluba ya ɗora yatsu biyu a ƙasan sitiyarin, ya ce in dinga faɗa masa inda allura take. Na ce sittin. Na ce saba'in. Ina cewa tamanin ta kama.

"A hannu kike jinta ko a kujera?"

Na ce a hannu. Ya ce to gaba ne, da baya ne da a mazaunai za mu ji. Ya sa na saki giya motar tana tafiya da kanta, rawar ba ta daina ba, ya ce ba inji ba ne. Ya sa na taɓa birki a hankali, ba ta ƙaru ba, ya ce ba birki ba ne. Har muka isa Gwaram yana lissafin abin da ba shi ba ne, yana cire su ɗaya ɗaya. A wurin zaman makoki na hango shi cikin maza, an gama addu'a, yana kwatanta wa wani tsohon direba da hannu yadda abin yake yi.

A hanyar dawowa na riga na yanke a raina cewa gobe zan sa a mayar da tsofaffin, a huta. Ba wani ilimi ake bukata ba, motar da ba ta rawa jiya aka canja mata ƙafa ta fara yau. Amma da safe ina fitowa daga kicin na tarar da shi a kan kujera kusa da motar, ya yi wanka, ya sa hula, ya nemo wil-sifana, ƙarfen kwance ƙafar mota, da kansa ya ajiye a cinya. Ban san yadda ya lalubo ta ba. Na ce masa, don in ji ta bakinsa, ai tsofaffin suna nan. Ya ce ya sani, amma mayar da su ba zai gaya mana dalili ba, kuma yaron zai zo ya ga an cire masa kyautarsa. Na tsaya ina kallonsa da hular nan. Wannan ce shawarar da kuke tuhumata da ita, kuma a tsaye a nan na yanke ta, ni kaɗai: ban sake ambatar tsofaffin ƙafafun ba.

Gaskiya kuma ba don shi kaɗai ba ne. Ni ma abin ya shiga kaina. Shekara nawa ina koya wa yara cewa komai da dalilinsa, ga abu a gabana, zagayayye, sabo fil, ba lotsawa ba tsagewa, amma yana rawa a tamanin ba ya yi a sittin. Me ke faruwa tsakanin sittin da tamanin? Ina tuƙin tuwo ina tunaninsa.

Muka fara da balansin, wurin masu injin da ke juya taya a manna mata 'yan guntayen dalma inda nauyi ya gaza. Suka yi wa duka huɗun, suka ce an gama. Muka fita miƙaƙƙen titin nan na bayan gari, wanda ya zama wurin gwajinmu. Rawar ta ragu, ta matsa sama kaɗan, amma tana nan. Muka koma, suka sake ɗorawa a inji, inji ya ce lafiya lau. Wannan ya ba babanku mamaki, ya yi ta maimaitawa: a kan inji daidai, a kan mota ba daidai ba. Muka mayar da na gaba baya, na baya gaba, domin ya ce idan guda ɗaya ne mai laifi rawar za ta bi shi ta koma kujera. Ba ta bi kowa ba. Ta zauna a sitiyari, har ta ɗan ƙaru.

Nan fa masu ba da shawara suka taso. Wani makaniki ya ce boris ne, ƙwallayen ƙarfen da ƙafa ke juyawa a kansu. Babanku ya sa aka ɗaga motar, ya rungumi tayar ya girgiza ta sama da ƙasa, ya kara kunne ya juya ta, ya ce boris ɗinsa lafiya. Wani ya ce shokazoba. Wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce ido ne, abu mai ƙyalli haka ai sai an yi masa addu'a, muka yi addu'ar muka ci gaba. Zainab tana gida lokacin, wankan jegon ɗanta na fari, tana jin ƙarar ƙarfe daga ɗaki tana cewa don Allah Hajiya ku bar wa masu aikin aikinsu, me mutane za su ce. Domin mu biyu muke yi, a tsakar gida, ƙarƙashin darbejiyar nan. Ni nake sa jak, ni nake taka sifana da ƙafa in kwance noti, shi yake rungumar tayar ya sauke ya ɗora. Na ɗaure zani sama da ƙwauri, hannu duk baƙin mai, ina da shekara hamsin da takwas. Ya koma cin abinci sosai a kwanakin, har yana cewa miya ba gishiri.

Abin da ya buɗe mana hanya alli ne, cikin ragowar da na taho da shi daga makaranta. Ya ce in ɗaga ƙafar gaba ta hagu, in ajiye bulo kusa da ita, in kwantar da alli a kan bulon ta yadda bakinsa zai kusa taɓa leɓen rim, shi kuma ya juya tayar. Idan zagayen daidai yake, allin zai taɓa ko'ina ko ya ƙi taɓa ko'ina. Ya juya. Allin ya zana farin layi a gefe guda kawai, tsawon tafin hannu, daidai kusa da bakin da ake ba taya iska. Ya ce shi ke nan, rim ɗin a karkace yake, an cuci yaron. Ransa ya ɓaci ranar, ba don motar ba.

Washegari muka sauke ƙafar don mu goge tsatsar da ke bayanta da burushin waya, ko da wani abu ya tokare. Da muka mayar, haka kawai na ce bari in sake gwada allin, na goge tsohon layin da yawu. Ya juya. Layin ya fito, amma ba a wurin jiya ba. Ya tsallake can ɗaya gefen, nesa da bakin iskar. Na tsaya ina kallo, har ya tambaye ni lafiya.

"Malam, idan ƙarfen ne a karkace, ai inda ya karkace jiya nan zai karkace yau."

"Haka ne."

"To ya tashi daga wurin."

Ya sa na sake faɗa. Ya sa muka sauke muka mayar karo na uku, layin ya sake sabon wuri. Sai ya zauna a ƙasa daɓas ya yi dariya, dariya ta gaske har da tari, har Zainab ta ɗaga labule da jariri a kafaɗa. Ya ce ashe rim ɗin ba shi da laifi, zama ne ba ya yi daidai, kullum aka ɗora shi da inda yake faɗawa. Ya ce in kwance notunan in bar ƙafar a rataye. A tsakiyar inda ake ɗora ƙafa akwai wani zagayayyen tudu na ƙarfe, shi cibiya yake ce masa, rim kuma yana da rami a tsakiya da yake shiga kansa. Ya zura yatsa yana bin zagayen. Ta sama ba wuri, ta ƙasa farcensa ya shige har da saura. Ya sa na mirgino masa tsohon baƙin daga ɗakin ajiya, muka ɗora, ya zauna cif, ko takarda ba za ta shiga ba. Ramin sababbin ya fi cibiyar motarmu faɗi. An yi su ne don su shiga motoci iri-iri, tamu kuwa cibiyarta ƙarama ce, sai ƙafar ta zauna ɗan gefe, tana juyawa tana tsalle kaɗan. A sannu ba a ji, da gudu sai ta kaɗa mota duka. Shi ya sa injin balansin bai gani ba, domin shi a tsakiya sosai yake kama ta.

Ya ce a kira masa Yohanna. Ku manya kun san shi, mutumin Filato ne, Kirista, ya fi shekara talatin a nan Birnin Kudu yana da injin da ke juya ƙarfe ana feƙe shi, kuma tun suna samari suke tare da babanku. Yana cikin waɗanda suka yi ta zuwa suna komawa ba a ce musu komai ba. Da ya shigo ya tarar da abokinsa a ƙasa da baƙin mai har goshi, ya tsaya a ƙofa yana kallonsa. Daga baya ya tsuguna ya auna cibiyar ya auna ramin, ya ce zobe huɗu zai feƙe da za su cike tsakanin, amma sai an yi haƙuri, wuta ba ta zama, zai kai mako. Ya ƙara da cewa kada a yi doguwar tafiya kafin nan.

Yanzu ga nawa laifin, wanda ban taɓa gaya muku ba. Kwana uku bayan zuwan Yohanna aka bugo waya da safe daga Zandam, cewa Gwaggonku Asabe, yayar babanku, ta yanke jiki ta faɗi, tana kiran sunansa. Ƙafar gaba ta hagu tana ƙasa, mun sauke ta jiya. Da hankalina a jikina yake da motar haya muka nema. Amma cikin gaggawa muka ɗora, na ɗaure, muka fita. Babanku yana da doka tun yana tasha: duk ƙafar da aka taɓa, in an ɗan yi tafiya a tsaya a sake bin notunanta da sifana. A gidan mai na fita, na biya, na ga layin motoci a bayana ana yi mini oda, na leƙa ƙafar da ido na shigo. Ya ce kin bi? Na ce na bi.

Ban wuce sittin ba duk hanya, don kada ta yi rawa. Mun kusa Gwaram, gero ya yi kai a gonaki dama da hagu, sai ya ɗaga hannu. Ni ban ji komai ba tukuna. Sannan na ji, ƙwas, ƙwas, ƙwas, a hankali, daga ƙarƙashin ƙafata.

"Ɗauke ƙafarki daga totur. Kada ki danna birki. Bar ta ta mutu da kanta, ki sauka gefe."

Na yi yadda ya ce. Da muka tsaya na zagaya na fito da shi, ya tsuguna ya laluba. Cikin noti biyar, biyu sun tafi. Ukun da suka rage da yatsa ya juya su. Na zauna a bakin kwalta. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, ba ki bi ba. Na ce ban bi ba. Bai ƙara komai a kai ba, ranar ko bayanta. Ya sa na ciro noti ɗaya ɗaya daga ƙafafun baya muka cike, ya taka sifanar da kansa ina riƙe da shi. Kuma ko a nan, a gefen titi, yayarsa tana kwance tana jiransa, sai da ya tsaya yana murza noti guda a tafin hannu, ya zura ɗan yatsa a ramin rim ɗin. Ya ce Malama duba mini, gindin notin nan zagaye yake kamar ƙwai, ramin kuwa kamar mazurari, anya suna haɗuwa? Na duba. Fenti ya goge a siririn layi kawai, kamar zare. Ashe duk ɗaurin da nake yi, a kan wannan zaren yake tsayawa. Muka lallaɓa muka isa Zandam. Gwaggonku ta tashi, ta ƙara shekara huɗu a duniya.

Zainab ce ta gaya wa Babba, kuma ban taɓa ganin laifinta ba, tsoro ne. Ranar Juma'a ya iso. Ya gaishe ni a tsugune kamar kullum bai kalle ni ba, ya shiga wurin uban. Ina ɗakina, labule ne tsakaninmu. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya ce ya yi magana da ƙannen Baba, duk sun yarda, Hajiya ta huta da tuƙi, zai samo direba. Ya ce shi ya kawo abin don a ji daɗi, ba don a mayar da shi abin wasa da rai ba, in ba a so ai sai a cire. Babanku ya bar shi ya gama, sannan ya ce ya miƙo hannu. Ya sa masa tsohon notin a tafi, ya ce ya fita ya gwada shi a ramin rim ya dawo ya faɗa masa abin da ya gani. Ya fita, ya dawo.

"Babba, wanda ya sayar maka da su, bai haɗa maka da noti ba?"

Na ji fitarsa, na ji ya buɗe bayan motarsa a waje. Ya dawo da wata leda a ƙulle ko buɗe ta ba a yi ba, noti ashirin sababbi, masu gindin mazurari. Tare aka ba shi su. Mai facin ne ya ce masa tsofaffin sun fi ƙwari, shi kuma ya jefa ledar a mota ya manta. Da bakinsa ya faɗa wa uban haka, ina ji.

Da na yi shiru a nan da laifin duka ya koma kansa, kuma na san halinsa, zai ɗauka ya riƙe har abada. Ban saba doguwar magana da shi ba, tun yana goye. Amma na matso bakin labule na ce, ba tare da na ɗaga shi ba, cewa babansa ya tambaye ni ko na bi notunan na ce na bi alhali ban bi ba, kuma da na bi da mun gane tun a gidan mai. Na ce na yarda da maganar direban. Ba wanda ya tilasta ni, ku sani. Mutumin da ba ya gani ya tambaye ni abin da idona ya gani na yi masa ƙarya, ban ga yadda zan sake cewa ya zauna gefena ya dogara da bakina ba. Ban da gwajin washegari, ban sake tuƙi ba har yau. Shekarun da kuka ga Yayanku yana zuwa yana gaishe ni a gajarce yana fita, kuna cewa fushi yake da ni, ba fushi ba ne. Kunyar ledar nan yake ji, ni kuma ina jin tawa, kuma ba mu da hanyar faɗa wa juna.

Abin da na rasa na san shi. Wata goma sha huɗu babanku ya ƙara, kuma ba mu sake zama mu biyu a mota ba, kullum da direba a tsakani. Amma bai koma tabarma ba. Kowace safiya ana kai shi rumfar Yohanna, direbobi suna zuwa su ɗauke shi su zagaya da shi ya saurara musu mota.

Abu ɗaya babanku ya roƙa a wurin Babba ranar Juma'ar nan, cewa tunda ni na fara aikin, a bari in ƙarasa gwajin. Da safiyar Asabar Yohanna ya kawo zoben huɗu a naɗe cikin tsumma, sirara, suna sheƙi. Babanku ya karɓi na farko ya bi shi da yatsa, ya ɗora a kan cibiyar ya danna, ya shige da ɗan ƙara. Aka ɗora ƙafar, ya nemi wurin zura farce ya rasa. Babba ne ya ɗaure sababbin notunan, uban yana gaya masa kada ya bi su a jere, ya dinga tsallake ɗaya yana gicciyewa, a sannu a sannu, sai an sauke jak a ƙarasa. Na kawo allina. Ya taɓa zagayen duka, layi ɗaya ba yankewa.

Muka fita, ni a sitiyari, babanku a gefena, Babba da Yohanna a baya. A bakin gari na tsaya ba wanda ya ce mini, na fita da sifana na bi ashirin ɗin duka, suna zaune suna jirana. Da titi ya miƙe ya ɗora yatsunsa biyu a ƙasan sitiyari. Na ce sittin. Na ce saba'in. Na ce tamanin. Ba komai. Casa'in. Madubi a tsaye, ina ganin fuskar Babba a ciki sarai, ya dafa kujerar ubansa da hannu biyu.

"Nawa yanzu?"

"Ɗari, Malam."

"Babba, leƙa ka gani."

Na san dalilin da ya sa ya ce Babba ya duba, kuma ban ji haushi ba. Babba ya leƙo ta kafaɗata ya ce ɗari ne, Baba. Babanku ya ɗauke yatsunsa ya mayar cinya, ya jingina, ya ce Yohanna ashe har yanzu ka iya aiki. Yohanna ya ce ai ba shi ya gano ba, alli ne.

Na sami wuri mai faɗi na juya motar ta fuskanci gida, na kashe ta, na bar makullin a jiki. Na fita na zagaya na shiga baya, Yohanna ya matsa can jikin ƙofa, Babba ya koma gaba. Ya tayar, ya sa giya, motar ta ɗan yi tsalle kafin ta tafi. Muka kama hanyar gida. Da ya zo canja giya ta uku sai ta yi ƙara. Babanku ya juyar da kai wajensa.

"Kana saurin sakin kuloci. In mun je gida ka tambayi uwarka."